Mu gina rumbunmu kafin a sake yanke rezo

Ƴan uwa, ban manta da ƙarshen Fabrairun 2021 ba, lokacin da aka yanke intanet ɗin salula a Nijar har tsawon kwana goma, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Rahotannin ƙungiyarmu, sunayen mambobi, hotunan shaida, duk suna cikin Google Drive. Namu ne, amma mun kasa taɓa su.

Tun ranar na ce sai mun yi rumbu a gida. Wata tsohuwar kwamfuta muka jona da akwatin wifi na biro, muka zuba takardunmu ciki. Da yawanmu ba su san wifi daban, intanet daban ba. Ko rezo ya ɗauke, akwatin yana ci gaba da haɗa wayoyin da ke gidan da kwamfutar.

Sai dai a kiyaye abu uku. A ba kwamfutar adireshi tsayayye, kamar 192.168.1.10, don sunan shafi yakan buƙaci intanet, lambar kuwa ba ruwanta da shi. A sa kalmar sirri mai ƙarfi, don sunayen mutane amana ne. A tanadi batir ko sola, don in kuran ya tafi, rumbu ya rufe ke nan.

Wannan dabara ba za ta kai saƙo daga Maraɗi zuwa Damagaram ba, iyakarta inda wifi ya kai. Shi ya sa ba za mu daina faɗin cewa yanke intanet tauye haƙƙi ne ba. Amma fa ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace ƙungiya ta fara tun yau.