Mu Zaga Duniya: Zanzibar, Garin Dutsen Murjani

Masu karatu, a wannan wata za mu ƙetare ruwa zuwa tsibirin Zanzibar a ƙasar Tanzaniya. Daga Darussalam jirgin ruwa mai sauri yakan kai mutum cikin kamar awa 2. Abin kallo a can shi ne tsohuwar unguwar birnin, wadda masu jin Swahili suke ce da ita Mji Mkongwe, watau Tsohon Gari, Turawa kuwa suna kiranta Garin Dutse. To, wane irin dutse ne?

Iyayenmu mata sun san murjani, jan dutsen ado na wuya, amma ba kowa ya san mai rai ne yake yinsa ba. Waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne na teku, kowace tana gina wa kanta ɗan gida mai tauri, na baya su ɗora nasu bisa na magabata. Irin mai kauri ba ya ƙaruwa da rabin inci a shekara. Na Zanzibar ɗan'uwan jan nan ne, fari mai ramuka kamar soso. Da shi aka ɗaga bangayen garin, aka kuma ƙona wani ya zama farar ƙasa ta kwaɓi da shafe. Ashe wanda ya tsaya yana kallon gidajen nan, aikin halittun teku yake kallo.

Lungunan garin sai su tuna wa mutum da cikin birnin Kano ko Zariya, gama mota ba ta shiga yawancinsu. A ƙofar gida akwai dakali, su suna ce da shi baraza. Ƙyamaren katako ne masu sassaƙa: na Larabawa kansu a miƙe, na Indiyawa da baka a sama da manyan ƙusoshin tagulla. Ɗakunan kuwa dogaye ne marasa faɗi, domin da itacen bakin teku ake rufi, tsawonsa shi ne iyakar faɗin ɗaki, kamar dai azara a wurinmu.

Wurin da muke so kowane iyali ya daɗe a tsaye shi ne babbar majami'ar Anglikan. A filin nan ne babbar kasuwar bayi take dā, inda ake kawo mutane daga can cikin ƙasar Afirka a sayar. A 1873 Sarki Barghash ya rufe kasuwar da matsin Ingila, a ranar Kirsimati ta shekarar nan kuma aka aza harsashin majami'ar. Bishop Edward Steere ne ya tsaya a kan ginin, da dutsen murjani aka yi shi har rufinsa. Ya rasu a 1882, kabarinsa yana bayan bagade. Ana cewa bagaden yana daidai inda turken bulala yake. A waje akwai siffofin mutane a cikin rami da sarƙa a wuya. A ganinmu kada a hana yara gani, sai dai uba ko uwa su riƙe hannunsu su bayyana musu. Ba wurin dariya da ɗaukan hoto a guje ba ne.

Ko da yake UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2000, gidajen suna ciwo. Dutsen murjani yana shan ruwa, yana so ya fitar da shi. In aka yaɓa masa siminti sai laima ta maƙale a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye. Wanda ya taɓa yaɓa siminti a kan ginin ƙasa ya san zancen. Rashin kula ma ya yi nasa. Har Beit-al-Ajaib, Gidan Mamaki da Barghash ya gina a 1883, gidan da ya fara samun lantarki a Zanzibar, wani sashensa ya rushe ranar 25 ga Disamba, 2020, ana cikin gyaransa.

Murjanin da yake raye a teku shi ma yana shan wahala. A 1998 ruwa ya yi zafi fiye da kima, mai yawa ya yi fari fat ya mutu. Saura kuma ƙafar baƙi da ƙarfen tsai da kwalekwale suna farfasa shi. Taki ɗaya yakan karya aikin shekaru. A tsibirin Chumbe, inda aka hana su tun 1994, mutum ya sa gilashin ido ya kifa a kan ruwa, sai ya ga kifaye masu launi iri iri suna kiwo kamar awaki a saura. A kalla, kada a taka, kada kuma a sayi guntunsa a hannun masu talla.

Yara za su fi murna da tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seshel a 1919. Da magariba kuma a gangara filin Forodhani a bakin teku, inda ake gasa kifi da wata halitta mai hannu 8 da suke kira pweza. Yawancin mutanen garin Musulmi ne, saboda haka kayan wanka a bar su a bakin ruwa, a shiga gari da sutura ta mutunci. A kuma yi ciniki kafin a ɗora kifin a wuta.