Waiwaye: Zangon da masana suka raina

A 1912 Amurka ta kafa dokar rediyo. Dogon zango ya zama na sojan ruwa da manyan kamfanoni, masu harhaɗa rediyo a gida don sha'awa kuwa aka ce su tsaya daga mita 200 zuwa ƙasa. A ganin masana wannan kaso juji ne, don igiyarsa ba ta nisa, ƙasa ke shanye ta a hanya.

Game da igiyar da ke bin ƙasa sun yi gaskiya. Wadda ta nufi sama ce suka manta. Can wajen kilomita 100 zuwa 300, hasken rana kan caza iska har ta riƙa lanƙwaso gajeren zango, ya sauko dubban kilomita gaba. Da rana sashen ƙasa na wannan iska yakan cinye wasu zangunan, da dare ya watse hanya ta buɗe. Duk wanda ya taso yana murɗa akwati neman BBC Hausa, wadda ta fara a 1957, ya san mitar safe daban, ta dare daban.

Tun 1902 masana biyu, Kennelly da Heaviside, suka yi hasashen wannan iskar ta sama, amma hasashe ya zauna a takarda. Su 'yan sha'awa kunne suka kasa. A Disambar 1921 ƙungiyarsu ta ARRL ta tura Paul Godley Ardrossan a Sikotland, ya kafa tanti cikin sanyi da ruwa, ya jiyo tashoshin 'yan'uwansa daga tsallaken Atlantika. A Nuwambar 1923 Léon Deloy daga Nice ta Faransa da Fred Schnell daga Connecticut suka yi musayar saƙon Morse a wajen mita 110. Kafin shekara ta zagayo, wani ɗalibi a Landan, Cecil Goyder, ya yi musayar saƙo da Frank Bell a New Zealand. Sai bayan haka, a ƙarshen 1924, masani Edward Appleton ya tabbatar da hasashen nan na 1902 da gwaji.

Ni dai abin da ke burge ni da su shi ne littafin da kowannensu ke ajiyewa: lokaci, mita, ƙarfin saƙo, har wanda masana za su ce kunne ne ya yi gizo. Da sun riƙa share abin da ya saɓa wa lissafi, da an daɗe ba a gane ba.

Da amfanin ya fito fili, gwamnatoci da kamfanoni suka yi caa. Taron Washington na 1927 ya rage musu 'yan siraran gurabe, irin su mita 80, 40 da 20, inda har yau ake jin su suna kiran juna.