Harshen Kwamfuta da Neman Aiki: Ina Gizo Yake Saƙar?

Gabatarwa

A Unguwar Gano da Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Tarauni, ba a rasa matasa masu karatun ilimin kwamfuta a manyan makarantun Kano. Wasu daga cikinsu suna da wani koke da suke yawan maimaitawa a majalisa. Koken shi ne, a makaranta an koyar da su tsofaffin harsunan kwamfuta irin su BASIC da Pascal da FORTRAN, amma da suka duba tallace-tallacen neman ma'aikata sai suka tarar Python da Java da JavaScript ake tambaya. Mahaifin da ya matse bakin aljihunsa ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya san ko ɗansa ya yi asarar shekarunsa ne. Wannan maƙala za ta nuna cewa koken yana da ƙamshin gaskiya, amma rashin farin jinin harshe ba shi ne babban abin da ke hana ɗalibi aiki ba. Abin da ke hana shi shi ne yadda aka koyar da harshen, da kuma tsayawar ɗalibin a kansa shi kaɗai.

Ma'anar Harshen Kwamfuta

Harshen kwamfuta tsari ne na kalmomi da alamomi da ƙa'idoji wanda ake amfani da shi wajen rubuta wa na'ura umarni. Kamar harshen ɗan Adam, yana da nasa ginin jimla da nasa tsarin ma'ana, kuma yana da zamanin da ake yayinsa. Kamfanin IBM ya fitar da FORTRAN a shekarar 1957 domin lissafin masana kimiyya. An ƙirƙiro COBOL a 1959 domin ayyukan bankuna da ofisoshi, sannan BASIC a 1964 domin 'yan koyo. A 1970 Niklaus Wirth na ƙasar Suwizalan ya fito da Pascal, da nufin koya wa ɗalibai rubuta umarni cikin tsari. Python ya bayyana a 1991, Java da JavaScript kuma a 1995. Wannan jeri ya nuna cewa harshen da ake rububinsa yau, gobe wani zai ture shi. Zamani riga ne, in ji masu iya magana.

Hujjar Masu Koke

Ko shakka babu, masu koke suna da abin kamawa. Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni zai ga cewa yawancin wayoyin zamani da ake saye da sayarwa masu tsarin Android ne, kuma da Java ko Kotlin aka fi rubuta manhajojinsu. Shafukan intanet kuwa da wuya su yi aiki ba tare da JavaScript ba. Ƙaramin kamfanin da aka ba kwangilar gina wa wata makaranta ko wani asibiti shafi a cikin wata guda ba shi da lokacin koyar da sabon ma'aikaci. Wanda zai fara aiki ranar da aka ɗauke shi yake nema. Don haka, a matakin neman aikin farko, ɗalibin da bai iya komai ba sai Pascal yana bayan takwaransa da ya iya harshen da ake yayi. Malamin da ya musanta wannan bai yi wa ɗalibansa adalci ba.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Duk da haka, akwai misalai da ke nuna cewa rashin yawan masu amfani da harshe ba ya nufin rashin darajarsa. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, masu neman tallafin rashin aikin yi sun yi wa na'urorin Jihar New Jersey ta Amurka yawa. Gwamnan jihar, Phil Murphy, ya fito fili yana neman waɗanda suka iya COBOL, domin da shi aka rubuta manhajojin tun shekaru da dama da suka shuɗe. A nan karin maganar nan ta tabbata, cewa da tsohuwar zuma ake magani. Haka kuma, manhajar WhatsApp da kusan kowane ɗan kasuwar Farm Centre yake ciniki da ita, an gina ƙashin bayanta ne da Erlang, harshen da kamfanin Ericsson ya ƙirƙiro a 1986, wanda har yanzu ba kowa ya san shi ba. Kamfanin Facebook ya saye ta a 2014 a kan dala biliyan 19. Daɗin daɗawa, jami'ar MIT ta Amurka ta shafe fiye da shekara 25 tana fara koyar da ɗalibanta da wani harshe mai suna Scheme, wanda da wuya a ga an ambace shi a tallar aiki, kuma hakan bai hana kamfanoni rububin ɗaliban ba.

Sai dai ya kamata a yi hattara da waɗannan misalai, domin New Jersey ba Tarauni ba ce. Guraben aikin irin waɗannan harsuna kaɗan ne, kuma galibi ƙwararrun da suka daɗe a fagen ake ba su. Darasin da ya fi dacewa da ɗalibin Kano shi ne na MIT: ɗalibanta ba don Scheme aka ɗauke su aiki ba, an ɗauke su ne don tunanin da suka koya ta hanyarsa.

Inda Matsalar Take

Masana ilimin harsuna sun san cewa wanda ya fahimci yadda nahawu yake aiki ya fi saurin koyon sabon harshe. Haka abin yake a fagen kwamfuta. Kusan duk harsunan da aka ambata a kan ginshiƙai guda suke tsaye: jera umarni ɗaya bayan ɗaya, da zaɓi tsakanin hanyoyi bisa sharaɗi, da maimaita aiki har buƙata ta biya, da kuma tsara bayanai yadda za a same su cikin sauƙi. Ɗalibin da ya ƙware a waɗannan ta hanyar Pascal zai iya komawa Python ba tare da wahala mai yawa ba, kamar yadda falken da ya iya ciniki a Kano ba ya daɗewa a Sabon Ibadan kafin ya fara ciniki da Yarabanci. Cinikin ya riga ya iya, kalmomin ne kawai sababbi.

Matsalar tana faruwa ne idan aka koyar da harshen a allo kawai. Malami ya rubuta umarni da alli, ɗalibi ya kwafa a littafi, ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya ci. Saboda ƙarancin na'urori da rashin tsayayyar wutar lantarki, yana iya kammala zango bai ga na'ura ta aiwatar da abin da ya rubuta ba, balle ya yi kuskure ya nemo shi ya gyara. Irin wannan ɗalibi, ko da Python aka koyar da shi ta wannan hanya, ba zai yi wa kowa aiki ba. Ya yi kama da wanda ya haddace ƙa'idojin nahawun Larabci amma ya kasa tambayar hanya a Makka. Tun daga 2022, lokacin da ChatGPT ya fito, na'ura ma tana iya rubuta umarni da harsuna da dama, har ta juya shi daga wannan zuwa wancan. Wannan ya rage darajar haddar kalmomin harshe, ya kuma ƙara darajar mutumin da zai karanta abin da na'urar ta rubuta ya gane inda ta kauce.

Shawarwari

Nauyi na farko yana kan makarantu. Babu laifi a fara da harshen da aka tsara domin koyarwa, amma bai dace ɗalibi ya karɓi takardar shaida ba tare da ya gina wani abu mai aiki da ɗaya daga cikin harsunan da kasuwa ke nema ba. Sabon tsarin karatun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta, kuma wannan dama ce ta cike giɓin. Kwalejojin ilimi sun fi kowa buƙatar gyara, domin ɗalibansu ne za su koyar a makarantun firamare da ƙananan sakandare, kuma abin da aka ba su shi za su bayar.

Nauyi na biyu yana kan ɗalibi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yana aji biyu ya kamata ya zaɓi harshe guda da ake yayi ya koya da kansa, ko ta intanet ko ta shirye-shirye irin su 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023. Sannan ya nemi wata matsala a unguwarsu ya warware ta, kamar manhajar lissafin kaya ta mai kantin magani, ko ta ajiye sakamakon jarrabawa a makarantar Islamiyya. Mai ɗaukar ma'aikata ya fi gamsuwa da abin da ya gani yana aiki fiye da jerin sunayen darussa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa harshen da ba a yayi yana iya jinkirta wa ɗalibi samun aikin farko, amma ba ya rufe masa ƙofa matuƙar ya koye shi a aikace kuma ya ɗora wani a kansa. Saboda haka, tambayar da ta fi dacewa mahaifi a Unguwar Gano ya yi wa ɗansa idan ya dawo hutu ba ita ce wane harshe ake koya musu ba. Ya ce masa ya buɗe kwamfuta ya nuna abin da ya gina da hannunsa.