Abin Da Ke Cin 'Yan Sandan Faransa

A cikin shekarar 2019 'yan sandan ƙasar Faransa 59 suka kashe kansu, watau fiye da mutum guda a kowane mako. A shekarar da ta gabace ta 35 ne. Abin ya kai har ranar 2 ga watan Oktoba 2019 dubban 'yan sanda suka yi jerin gwano a cikin birnin Paris, suna kai kukansu ga Gwamnati. Mutanen da aikinsu tsaron masu jerin gwano, ran nan su ne a kan titi.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun hare-haren da aka kai Paris a 2015 ba su sami sararawa ba. Sa'an nan daga watan Nuwamba 2018 aka shiga tarzomar masu rawayar riga, kowace Asabar sai an fitar da su, mutum ya yi makonni bai zauna da iyalinsa ba. Wani kwamitin Majalisar Dattawa ya bincika a 2018, ya tarar suna bin Gwamnati bashin aikin bayan lokaci fiye da awa miliyan 20. Har wa yau, bayan hare-haren nan aka yarje musu su riƙa ɗaukar bindigar aiki ko ba su bakin aiki. An yi haka ne domin tsaronsu, amma kuwa wanda baƙin ciki ya rufe shi da tsakar dare, ga makami kusa da hannunsa.

To, ba a ce Gwamnati ta naɗe hannu ba. Tun 1996, shekarar da ita ma aka yi asara mai yawa, aka buɗe wani sashe na masana halin ɗan Adam domin sauraron 'yan sanda. A watan Afrilu 2019 Ministan Harkokin Cikin Gida, Christophe Castaner, ya kafa ofishi na musamman don wannan al'amari, aka kuma ba da lambar waya da za a iya bugawa dare da rana. Sai dai a lokacin masanan nan ba su kai 100 ba, ma'aikatan kuwa wajen 150,000 ne.

Amma a ganinmu ƙarancin masana ba shi ne babban cikas ba. Cikas ɗin shi ne tsoro. Duk akawun da ya taɓa riƙon fayil ɗin ma'aikata ya san yadda kalma guda ta kan bi mutum har ya bar aiki. Ɗan sanda ya kan yi lissafi kamar haka: in na ce ba na iya barci, ko na ce raina ya ƙuntata, za a karɓe bindigata, a ajiye ni a tebur, abokan aiki su gane, ƙarin girma ya wuce ni. Lalle wani lokaci karɓe bindigar shi ne ke ceton ransa, ba mu musa ba. Amma in shi ne abu na farko da mutum ke hangowa, ba zai buɗe baki ba sai abin ya ci ƙarfinsa. Ga kuma al'adar aikin, wadda ta ɗauki kuka a kan ragwanci.

Saboda haka matakin da ya fi ma'ana cikin na 2019 shi ne ƙarin wata lambar waya da masu amsa ta ba ma'aikatan 'yan sanda ba ne, ba su kuma ƙarƙashin wani shugabansu. Wasu 'yan sandan ma sun kafa ƙungiyar kansu, ɗan'uwa na sauraron ɗan'uwa. Amurka ta bi ta hanyar doka: a watan Nuwamba 2021 aka sa hannu a kan dokar da ta hana tona abin da jami'in tsaro na Tarayya ya faɗa wa abokin aikinsa mai ba da shawara, sai fa in akwai rai cikin haɗari ko ya amsa wani laifi. Iyakar nan an rubuta ta a fili, mutum ya san ta tun kafin ya fara magana.