Jeren Ɗaki: Ado Ne Ko Wahala?

Ina neman izinin iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato jeren ɗakin amarya. Na san ni yarinya ce, shekaruna 16 kacal, amma abin da zan faɗa da idona na gan shi.

A hutun da ya wuce aka yi bikin 'yar kawuna. Ranar jere muka yi sammako zuwa gidan ango. Aka kafa gado, aka jera kujeru, aka rataya labule ninki biyu, aka cika kabad da tangaran da kuloli da kofunan gilashi, har ɗaki ya rasa inda za a shimfiɗa dardumar salla. Mata suka yi ta rangaɗa guɗa, suna cewa lalle yarinya 'yar gata ce. Abin da masu guɗa ba su sani ba shi ne, sai da kawu ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya kuma jinginar da gonarsa ta fadama. Ƙanwar amarya kuwa, wadda muka gama firamare tare, ta kuma fi ni ƙoƙari a lissafi, ba ta zarce sakandare ba. Tana can tana tallan ƙosai da gyaɗa, wai don a fara tara nata kayan. To, don Allah, wane irin ado ne wannan?

Kada a ɗauka ina ƙin ado. Ado gadon Bahaushe ne. Kakata ta ba ni labari cewa a zamanin mahaifiyarta, mata kan taru su yi wa amarya daɓe, suna waƙa suna buga maɗabi, sannan a yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ƙasa ta yi sumul. A jera ƙorai da tukwane da faya-fayai, mai hali ya ƙara da tasoshin tagulla irin na Bida. Daga baya kwanonin langa da samira suka shigo, bayansu tangaran. Magina su ma ba a bar su a baya ba. Duk wanda ya zaga cikin birnin Zariya, ko Kano, ko Damagaram, zai ga zane a jikin bango da zankwaye a saman soraye.

Amma akwai bambanci. Jeren da, ado ne kuma ajiya ne. Idan wata larura ta taso, mace takan ɗauki tasa ɗaya ta sayar, ta rufa wa kanta asiri. Yanzu fa? Yawancin gadaje da kabad na yayi da matsattsen garin katako ake yin su. Danshin damina yana taɓa su sai su kumbura su fara ɓarewa. Gilashi kuwa yaro ɗaya ya ishe shi. Ko da kaya sun tsira, shekara biyu ta yi yawa a ce yayinsu ya wuce. Ga gona ta tafi, ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Na san iyayenmu mata za su ce, idan aka kai yarinya ɗaki fayau, kishiya da dangin miji za su ishe ta da gori. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ashe ba mu ne dangin mijin ba? Wadda ta kai 'yarta yau, ita ce za a kawo wa surukuwa gobe. Idan ta kame bakinta daga gori, ita ma wata za ta raga wa tata 'yar. Malaminmu na addini ya koya mana cewa ci da tufafi da wurin zama suna wuyan miji ne, bai ce sai uban amarya ya talauce ba. Nauyin nan har hukuma ta san da shi, domin da gwamnatin Jihar Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012, sai da ta haɗa musu da kayan ɗaki.

Mu da ke makarantar kwana mun san wani abu. Ranar duba tsafta, ɗakin da ke zuwa na ɗaya ba na 'ya'yan masu kuɗi ba ne. Ɗakin da aka share, aka goge, aka gyara gadaje, aka ajiye kome a muhallinsa, shi ke cinyewa. Haka ɗakin aure yake. Tabarma mai launi, da faifai biyu ko uku a bango, da matashin fata na dukawanmu, da labulen da aka rina a Ƙofar Mata, da tulu mai sanyaya ruwa, sun isa su ƙawata ɗaki, kuɗin kuma ya zauna a hannun masu sana'armu. Kada mu raina aikin hannu. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ginin tukwane ne ya kai ta can.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu su yi daidai ruwa daidai tsaki, gama zanen aro ba ya rufe katara. Ku kuma 'yan'uwana mata, idan lokacinmu ya zo, kada mu tasa iyayenmu gaba da kuka don ɗakin wance ya fi namu. Ni dai na riga na gaya wa Inna, kuɗin kabad ɗina a biya mini jarrabawa da shi, a kuma taimaka a mai da 'yar'uwata aji. Tangaran yana fashewa, ilimi kuwa ba ya fashewa.

Allah Ya sa mu gane, Ya kuma saka wa iyayenmu da alheri, amin.