KIWON LAFIYA: Murar Da Ta Ƙi Warkewa

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta lulluɓe Gidan Waya da Kafanchan da hazo. A daidai lokacin ne kuma ake ƙunar daji, ga hayaƙin itace a madafa. Ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya kuwa, aikin da suke koyo zai haɗa su da ƙurar alli. Galibin masu mura kan warke cikin mako ɗaya ko biyu. Amma akwai wanda damina za ta sauka hancinsa na nan a toshe, majina na gangara masa maƙogwaro, fuska ta yi nauyi, ba ya jin ƙamshin miya. In abin ya kai mako 12, likitoci ba su kiransa mura. Kumburi ne ya zauna a hanci da ramukan iska takwas da ke cikin ƙashin fuska.

A da an ɗora laifin duka a kan ƙwayoyin cuta. To, binciken zamani ya nuna tantanin da ya shimfiɗe cikin hanci yana da hannu dumu-dumu. Shi tantanin nan an gina shi da ƙwayoyin halitta manne da juna kamar tubalan katanga. A samansu akwai 'yan gashi da ido ba ya gani, masu kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa, suna tura majina da dattin da ta kama zuwa maƙogwaro.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ƙura da hayaƙi da busasshiyar iska suka dame shi, sai haɗin tubalan ya saki, gashin ya yi sanyi. Sa'an nan ƙwayoyin tantanin su yi kuwwa kamar mai gadi, watau su saki sinadarai irin su TSLP da IL-33, waɗanda ke gayyato fararen ƙwayoyin jini. Su kuma mayaƙan nan, garin faɗa sai su ƙara yi wa katangar rauni. Tantani ya kumbura, ƙofofin ramukan su toshe, majina ta kwanta. Wasu har nama mai laushi kan tsiro musu a hanci, kuma sau da yawa akan same su da asma.

A 2018 masu bincike a birnin Boston na Amurka sun bayyana a mujallar Nature cewa ƙwayoyin da ke sabunta tantanin sukan riƙe tarihin kumburin da ya wuce, har sababbin da suka haifa su taso da wannan hali. Wannan na cikin dalilan da ke sa ciwon ya dawo ko bayan tiyata. A 2019 Amurka ta amince da allurar dupilumab don masu tsiron hanci, amma tsadarta ta fi ƙarfin talaka.

Saboda haka mai sayen kafso a kemis duk wata yana jifar inda ba tsuntsu. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take kuwa, in aka wuce mako guda ana amfani da shi, ƙara toshewa yake yi. Abin da ke taimako shi ne wanke hanci da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, da rufe hanci ranar hazo, da nisantar hayaƙi da taba, da maganin fesawa mai kwantar da kumburi wanda likita zai rubuta, a jure masa makonni.

Wanda idonsa ya kumbura, ko ganinsa ya ragu, ko kafar hanci ɗaya kaɗai ke toshewa tana zubar da jini, lalle ya garzaya Babban Asibitin Kafanchan. In da bukata, akan tura mutum Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, inda ake duba hanci da maƙogwaro ma.