Sharhi: Duniyar Alfa Sentori, Har Yanzu Ciniki Bai Faɗa Ba

A watan Agustan 2025 hukumar NASA ta Amurka ta sanar da cewa madubin hangen sama na James Webb ya hango alamar wata duniya kusa da tauraron Alfa Sentori A. Wannan tauraro ya yi kama da ranarmu a girma da zafi, kuma a cikin irinsa babu wanda ya fi shi kusa da mu: haskensa yakan yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso. Mu da ke Lalala a nan Libreville muna iya ganinsa da ido ta kudu da daddare a watannin Mayu da Yuni, in gajimare bai rufe ba.

To amma jama'a, mu bi labarin a hankali. Abin da madubin ya gani a Agustan 2024 ɗigon haske ne guda. Da aka sake dubawa a Fabrairu da Afrilun 2025, ba a gan shi ba. Masanan sun ce mai yiwuwa a lokacin ya matso kusa da tauraron, haske ya rufe shi. Ko ta tabbata ma, duniya ce ta iska mai nauyi kamar Zuhal, babu ƙasar takawa.

An taɓa yin haka. A 2012 masana a Janeba suka ce sun gano duniya kusa da Alfa Sentori B, abokin wannan tauraro. A 2015 wasu masana na Oxford suka sake lissafi, suka nuna babu ita. Wadda ta tabbata ita ce ta ƙaramin jan tauraro Proxima, maƙwabcinsu, da aka gano a 2016.

Ɗan kasuwa ya san ba a cinikin biri a sama. Mai jiran kaya daga Kye-Ossi ba ya shigar da su littafi sai mota ta sauke an ƙirga. Haka ilimi yake tafiya, gani ɗaya ba ya zama shaida sai an maimaita.

Saboda haka duk wanda ya turo mana saƙo a waya cewa an samu sabuwar duniyar da mutane za su koma, mu tambaye shi: sau nawa aka gan ta, kuma wa ya tabbatar? Mu kuma tuna kumbon Voyager 1, da aka harba a 1977, zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci wannan tazara.